Kwamfuta Ta Yi Nauyi? Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take Kafin a Yi Fomatin ko a Kashe Kuɗi

A gidaje da yawa, laftof ɗaya ce ke ɗauke da aikin kowa. Yaya na rubuta furojet ɗinsa na makaranta a kanta, ƙanwa na koyon zane, lissafin shagon baba ma yana ciki. Sai a wayi gari idan an kunna ta, mutum ya je ya yi alwala ya yi salla ya dawo ba ta gama buɗewa ba. A danna Word a zauna jira, a buɗe Chrome allon ya yi fari ya rubuto “Not Responding”.

Shawarar da aka fi ba mai irin wannan kwamfutar ita ce ya kai a yi mata fomatin. Wani lokaci hakan na taimakawa, amma sau da yawa mutum ya biya kuɗi, ya rasa hotuna da takardu, bayan mako biyu kuma nauyin ya dawo, domin ba a taɓa ainihin dalilin ba. Idan faifan ajiya ne ya fara mutuwa, ko ƙura ce ta toshe fanka, ko sau goma za a yi fomatin babu abin da zai canza.

Nauyin kwamfuta alama ce ta cewa wani sashe nata ya gaza ɗaukar aikin da aka ɗora masa. Aikin farko shi ne gano wane sashe ne. Wannan darasi zai nuna yadda ake yin haka a Windows 10 da Windows 11, da kayan aikin da ke cikin kwamfutar tun asali.

Sassa uku da ke ɗauke da aikin

A ɗauki misalin mai shayi. Shi kansa mai shayin shi ne CPU, wato furosesa, wanda ke yin aikin da hannunsa. Teburin da ke gabansa, inda ya jera biredi da ƙwai da madara, shi ne RAM. Siton da ke bayan layi, inda ya ajiye katan-katan na kaya, shi ne faifan ajiya, ko dai tsohon samfuri da ake kira HDD, ko sabo da ake kira SSD.

Idan tebur ya yi ƙanƙanta, duk lokacin da aka ce a soya ƙwai sai ya ruga sito. Idan hanyar siton ba ta da kyau, kowace tafiya za ta ci lokaci. Idan kuma zafi ya galabaitar da shi, ko kaya na gabansa hannunsa ba zai yi sauri ba. Masu jiran shayi abu ɗaya suke gani, wato jinkiri, amma dalilan uku ne kuma maganinsu ya bambanta.

Mai amfani da wayar Android ya riga ya san rabin wannan. Idan aka ce waya 4/64 ce, 4 ɗin RAM ne, 64 ɗin kuma wurin ajiya. Haka abin yake a kwamfuta. Shi ya sa goge hotuna ba ya ƙara RAM, ƙara RAM kuma ba ya gyara faifan da ya lalace.

Mataki na 1: A kwashe muhimman fayiloli

Kafin a taɓa komai, a kwafi abin da ba za a so a rasa ba zuwa filash, ko faifan waje, ko Google Drive wanda ke ba da 15 GB kyauta. Dalili kuwa shi ne, nauyi na cikin alamomin farko na faifan da ke dab da mutuwa. Idan ana jin wata ƙara “ƙas-ƙas” daga cikin kwamfutar, ko fayiloli na ƙin buɗewa, ko kwafin ƙaramin fayil na maƙalewa a tsakiya, to wannan mataki ya fi duk sauran gaggawa.

Mataki na 2: A yi “Restart”, ba “Shut down” ba

Mutane da yawa ba su san akwai bambanci ba. Windows na da wani tsari mai suna “Fast Startup” wanda galibi a kunne yake zuwa. Idan aka danna “Shut down”, ba a rufe komai gaba ɗaya; ana ajiye wani ɓangare na Windows a faifai don ta yi saurin tashi. Saboda haka wata matsalar da ta maƙale jiya za ta iya tashi tare da kwamfutar yau. “Restart” ne ke rufe komai ya faro daga tushe. Wanda kullum murfin laftof kawai yake rufewa zai iya yin makonni bai yi wannan ba. A yi shi, a jira kamar minti 10 kwamfutar ta natsu, sannan a ci gaba.

Mataki na 3: A buɗe Task Manager a karanta

A danna Ctrl, Shift da Esc lokaci guda. Idan ƙaramin akwati ne ya fito, a danna “More details” a ƙasansa. A shafin “Processes” za a ga layuka a sama: CPU, Memory, Disk, Network, kowanne da kaso cikin ɗari a kansa. Memory a nan yana nufin RAM.

A bar Task Manager a buɗe, a yi irin aikin da kwamfutar ke yin nauyi a kansa, sannan a duba wane layi ne ya haura ya tsaya a sama. Lamba ta yi tsalle zuwa 100 ta sauko cikin daƙiƙoƙi ba matsala ba ce. Matsala ita ce wadda ta hau ta ƙi saukowa. Idan aka danna kan sunan layin, manhajar da ta fi cin wannan sashe za ta dawo saman jeri.

Daga nan hanya ta rabu uku.

Idan Memory ne ya cika

Idan Memory ya wuce kashi 85 ya zauna, tebur ya cika. Abin da Windows ke yi a wannan hali shi ne ta riƙa kwashe wasu abubuwa daga RAM tana ajiyewa a faifai, tana ɗaukowa idan an buƙace su. Faifai kuwa bai kai ko kusa da saurin RAM ba, shi ya sa komawa daga Chrome zuwa Word ke ɗaukar lokaci.

Abu na farko da za a duba shi ne manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta. A cikin Task Manager a shiga shafin “Startup” a Windows 10, ko “Startup apps” a Windows 11. Za a ga jerinsu, da wani layi mai suna “Startup impact” da ke nuna wadda ta fi jawo jinkiri. Manhajojin hira, na kiɗa, na sauke fayiloli da na taron bidiyo ba sa buƙatar tashi da kansu. A zaɓi kowacce a danna “Disable”. Wannan ba ya goge manhajar, tana nan idan an neme ta. Amma a bar na tsaro, na sauti da na linzamin laftof. Wadda ba a gane ta ba, a binciki sunanta a intanet kafin a taɓa.

Abu na biyu shi ne burauza. Kowane shafi da aka bari a buɗe yana riƙe da nasa rabon RAM, haka ma ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza. A cikin Chrome, danna Shift da Esc na nuna abin da kowane shafi ke ci. A saitin Chrome, ƙarƙashin “Performance”, akwai “Memory Saver” wanda ke kwantar da shafukan da ba a amfani da su. Edge ma na da irinsa mai suna “Sleeping tabs”.

Idan an yi duk wannan amma Memory bai sauko ba, to RAM ɗin ne ya yi kaɗan. 4 GB shi ne mafi ƙarancin abin da Microsoft ta gindaya wa Windows 11, kuma Windows ita kaɗai na cinye kaso mai tsoka daga ciki. Don karatu, Word da burauza, 8 GB ne ke ba da sarari. Kafin a je kasuwa, a shiga “Performance” a danna “Memory”. A ƙasa za a ga “Slots used”. Idan an rubuta “1 of 2”, akwai gurbin ƙari. A tabbatar da samfurin: DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, domin tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba, kuma laftof da yawa na zamanin DDR3 samfurin DDR3L suke buƙata. Wasu siraran laftof kuma an liƙe RAM ɗinsu a jikin allon inji, ba a iya ƙarawa. Sannan a duba “About” a cikin “Settings”: Windows mai 32-bit ba ta iya amfani da fiye da 4 GB, ko nawa aka saka mata.

Idan Disk ne ke tsaye a 100

Wannan ita ce matsalar da aka fi gani a laftof na hannu, irin waɗanda ke zuwa da Core i5, RAM 4 GB da HDD mai 500 GB. CPU na zaune a kashi 15, amma Disk ya kafe a 100, komai ya tsaya.

Da farko a duba wace manhaja ce a saman jerin. Idan kwamfutar ta daɗe ba ta hau intanet ba, aka haɗa ta da hotsifot ɗin waya, Windows za ta kama sauke sabuntawa, ta cinye data ta kuma riƙe faifai. Haka ma “Antimalware Service Executable”, wanda shi ne mai gadin Windows idan yana bincike. Waɗannan na wucewa idan aka ba su lokaci. Don kare data, a shiga saitin Wi-Fi ɗin a kunna “Metered connection”, sai a riƙa yin sabuntawar a lokacin da ake da isasshiyar data. Kada a daina sabuntawa gaba ɗaya.

Na biyu, a duba sararin da ya rage. A buɗe “This PC”. Idan layin da ke ƙarƙashin faifan C ya koma ja, abin da ya rage bai kai kashi 10 ba. Windows na buƙatar fili don ajiyar wucin gadi da sabuntawa. A rubuta “Disk Cleanup” a wurin bincike, a buɗe, a danna “Clean up system files”, a goge tarkacen tsofaffin sabuntawa. A leƙa foldar Downloads, inda finafinai da fayilolin girka manhaja ke taruwa. A cire manhajojin da ba a amfani da su ta “Apps” a cikin “Settings”. Kada a shiga foldar Windows ko Program Files ana goge abubuwa da hannu.

Na uku, a duba lafiyar faifan. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta rahoton da faifai ke ajiyewa game da kansa. Idan ta nuna “Good”, da sauƙi. Idan ta nuna “Caution” ko “Bad”, babu wani saiti da zai gyara shi. A kwashe fayiloli a canza faifai. Faɗuwar laftof, jijjiga ta tana kunne, da ɗaukewar wuta bagatatan ga kwamfutar tebur marar UPS, duk suna wahalar da HDD.

Ko da HDD lafiyarsa ƙalau, yana da iyaka. A cikinsa akwai faranti mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti a laftof, da wata allura da ke yawo a kansa tana neman bayanai. Gudunsa kan tsaya wajen 100 MB a daƙiƙa idan babban fayil ɗaya yake karantawa, kuma yana faɗuwa ƙasa sosai idan ƙananan fayiloli dubbai ake nema, wanda shi ne aikin Windows na kullum. SSD ba shi da abin da ke juyawa; irin ma'ajiyar waya ce. Na samfurin SATA na kai wa kusan 500 MB a daƙiƙa, kuma wajen neman ƙananan fayiloli ya ninka HDD nesa ba kusa ba. A shafin “Performance”, idan aka danna “Disk”, sababbin Windows na rubuta ko HDD ne ko SSD.

Ga tsohuwar laftof mai HDD, canzawa zuwa SSD shi ne gyaran da aka fi ganin amfaninsa. SSD mai inci 2.5 na shiga daidai gurbin tsohon faifan, kuma 256 GB ya isa Windows da manhajoji. Tsohon faifan, idan yana da lafiya, ana saka shi a ƙaramin gida mai USB ya zama ma'ajiyar finafinai. Wanda ya sayi SSD, ya duba shi da CrystalDiskInfo tun a shagon: tana nuna awannin da ya yi yana aiki, don haka za a gane ko sabo ne ko an daɗe ana mora.

Idan CPU ne, ko kuma zafi

Idan CPU ne ya kafe a sama, a duba manhajar da ke saman jeri. Idan sananniya ce da ta maƙale, a zaɓe ta a danna “End task”, a sake buɗewa. Idan kullum ita ce, a sabunta ta ko a cire.

Akwai kuma yanayin da kwamfuta ke fara aiki lafiya, bayan minti 20 ko 30 ta fara jan ƙafa, fanka na ihu, ƙasanta ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Wannan zafi ne. Furosesa na da iyakar zafin da yake jurewa, wajen digiri 100 a yawancin na Intel, kuma idan ya kusanci nan da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Manhajoji na kyauta irin su Core Temp ko HWMonitor na nuna zafin. Idan ya haura 90 alhali ba wani babban aiki ake yi ba, akwai matsala.

A yankinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙurar hunturu na taruwa a bakin fanka har ta zama kamar auduga, sannan bazara ta shigo, inda zafi kan kai digiri 40 ko fiye a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai. A daina ɗora laftof a kan katifa, filo ko darduma, domin ramukan shan iskarta a ƙasa suke. A sa ta a kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta. Idan za a hure ƙura, a kashe ta, a cire caja, a tokare fankar don kada iska ta juya ta fiye da kima. Idan ta shekara biyu ko uku ba a buɗe ta ba, a kai wa mai gyara ya share fanka ya canza man da ake shafawa a kan furosesa, domin yana bushewa.

Caja ma na da hannu. Wasu laftof, kamar na Dell, na rage gudun furosesa idan ba su gane cajar da aka jona musu ba, ko ƙarfinta bai kai ba. A shafin “Performance”, a danna CPU a duba “Speed”. Idan ya kafe ƙasa da 1 GHz ko ana aiki, alhali “Base speed” ya fi haka nesa, a gwada wata caja ta asali. A kuma tabbatar ba a bar kwamfutar a tsarin tattalin batir ba. Idan batir ya kumbura har ya ɗago linzami ko madannai, a daina amfani da ita sai an cire shi.

Bairos da manhajojin “ƙara gudu”

Idan aka ga wani baƙon suna na cin CPU alhali ba a buɗe komai ba, ko tallace-tallace na fitowa da kansu, ko shafin farko na burauza ya canza, a yi zargin bairos. Hanyoyin da ya fi shigowa biyu ne: manhajoji da wasannin da aka fasa aka raba kyauta, waɗanda akan ɓoye wa masu haƙar kuɗin kirifto a ciki, da kuma filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu, musamman wanda foldojinsa suka koma gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya.

Ba sai an sayi komai ba. A buɗe “Windows Security”, a shiga “Virus & threat protection”, a danna “Scan options”, a zaɓi “Full scan”. Idan ana zargin wani abu ya ɓuya, a zaɓi binciken “Offline”, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika kafin Windows ta gama tashi. Kada a tara masu gadi biyu ko uku. Suna karo da juna su ƙara nauyi. Wanda wa'adinsa ya ƙare tun wurin mai shi na farko, a cire shi, na Windows zai karɓi aikin.

Su kuwa manhajojin da ke alƙawarin ninka gudun kwamfuta da dannawa ɗaya, tamkar “booster” ɗin waya suke: su ma RAM suke ci, wasu kuma su nuna ɗaruruwan matsalolin ƙarya don a biya kuɗi.

Wata ƙila ba kwamfutar ba ce

Idan Word da foldoji na buɗewa da sauri, YouTube ne kawai ke juyawa, laifin na intanet ne. A buɗe shafin a waya ta layi ɗaya. Idan can ma haka ne, a ƙyale kwamfutar.

Yaushe fomatin ke da amfani?

Idan faifai na da lafiya, zafi daidai, RAM bai cika ba, an kuma yi binciken bairos amma nauyin na nan, to ana iya sabunta Windows. Shi ma ba lallai a rasa fayiloli ba. A cikin “Settings”, ƙarƙashin “Recovery”, akwai “Reset this PC” da zaɓin “Keep my files”, wanda ke barin takardu da hotuna amma ya cire manhajojin da aka girka. Duk da haka a kwafi fayilolin tukuna, kuma a tabbatar akwai wuta ko cikakken caji.

Sai batun shekaru. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma na neman TPM 2.0, da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama a mafi yawan lokuta. Ana gane ƙarnin ta lambar farko bayan sunan, ko lambobi biyu na farko idan daga ƙarni na 10 zuwa sama ne: i5-8250U na 8 ne, i5-3320M na 3. Kafin a zuba kuɗi a tsohuwar kwamfuta, a haɗa farashin SSD, RAM da batir a kwatanta da na wata wadda ta fi ta sabunta. Wanda aikinsa bai wuce burauza, rubutu da koyon kodin ba, zai iya saka mata Linux Mint, kyauta ce kuma ba ta da nauyi.

Wanda zai je wurin mai gyara, ya ɗauki hoton Task Manager da wayarsa a lokacin da kwamfutar ke nauyi, ya haɗa da na CrystalDiskInfo. Mutumin da ya ce “Disk ɗina na tsayawa a 100, kuma HDD ne” ya san abin da zai saya da abin da zai biya. Ya kuma tabbatar fayilolinsa na cikin filash a aljihunsa kafin ya miƙa kwamfutar.